Fulin kam mai saiti: me ya sa mota ke rikicewa bayan an ɗaura shi?

Idan fulin kam mai saiti, wato fulin saman injin da ake iya matsar da lokacin buɗewar bawul da shi, yana ƙara wa mota ƙarfi, kamar yadda ake ta nunawa a bidiyoyin TikTok da Facebook, me ya sa wanda ya ɗaura shi yake komawa gareji kafin sati ya zagayo, yana kukan mota ba ta silo, ba ta ja, ga shan mai kamar an huda tanki? Muhawarar da ake tafkawa ke nan a majalisun samarin Kano masu son mota, musamman masu tsofaffin Honda irin su Civic da Accord ɗin da ake kira Hala da Buldog. Wani ya ce kayan da ake yin odarsu ne jabu. Wani ya ce kanikawanmu ne ba su san kan abin ba. Wani kuma ya ce injin da ya sha ranar Kano sama da shekara 20 ba abin wasa ba ne, lallaɓa shi ake yi.

Kowannensu da ƙamshin gaskiya a bakinsa. Amma a nawa ganin ba nan gizo ke saƙar ba. Mu a wajenmu kalmar taimin guda ɗaya ce, a cikin injin kuwa taimin biyu ne, kuma a irin waɗannan motoci in fulin nan ya motsa, duka biyun yake ja. Wanda bai raba su ba zai yi ta canjin filogi da kwayil da famfon mai har aljihunsa ya yi kuka, ciwon kuma yana nan inda yake.

## Shi fulin me yake yi?

Injin fetur hawa huɗu yake aiki. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da mai, ya hau ya matse su, filogi ya ba da wuta su fashe su dankwafar da shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi zuwa salansa. Ƙofofin da iska ke shiga da waɗanda hayaƙi ke fita su ne bawul, kamshaf ne kuma yake buɗe su a saman injin. Karanshaf yana ƙasa, shi fistin ke juyawa. Taimin bel ne ya haɗa na ƙasa da na sama, ta kan fuli biyu masu haƙora. Fulin sama ya ninka na ƙasa yawan haƙora, don haka sai karanshaf ya zaga sau 2 kafin kamshaf ya zaga sau 1. A riƙe wannan lissafi, domin rabin rikicin daga nan yake tasowa: digiri 1 a kamshaf, digiri 2 ne a karanshaf.

Fulin da mota ta zo da shi daga kamfani dunƙule yake, ba ya motsi sai dai a tsallakar da bel haƙori guda. Haƙori guda kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A ce fulin yana da haƙora 40: kowane haƙori digiri 9 ne na kamshaf, wato 18 na karanshaf. Wannan ya yi yawa ga mai son ɗan gyara.

Shi ya sa aka ƙera mai saiti. Gida biyu ne. Akwai cibiya da ke kame da kamshaf, akwai zobe mai haƙora da bel ke bi ta kansa, an haɗa su da notina a cikin dogayen ramuka. In ka sassauta notinan, sai kamshaf ya ɗan juya gaba ko baya alhali bel yana nan bai motsa ba. Shi ke nan aikinsa. Ba ya ƙara wa bawul buɗewa, ba ya ƙara masa daɗewa a buɗe. Lokacin buɗewar da rufewar kawai yake matsarwa.

## Taimin bawul daban, taimin wuta daban

Taimin bawul shi ne wanda muka gama faɗa: yaushe ƙofa za ta buɗe, yaushe za ta rufe, idan aka auna da inda fistin yake. Taimin wuta kuwa shi ne yaushe filogi zai ba da tartsatsi. Ba a jira fistin ya kai ƙololuwa kafin a ba da wutar, ana ɗan riga shi, domin mai yana ɗaukar lokaci kafin ya kama sosai. A Civic da yawa na farkon shekarun 1990 kamfani ya ajiye wutar a digiri 16 kafin ƙololuwa, a Accord na wancan zamani 15. Ainihin lambar kowace mota tana kan takardar da ke manne a ƙarƙashin bonet, in masu fenti ba su shafe ta ba.

To ga inda aka haɗu. A waɗannan injina, distiributa, wadda ke raba wa filogi wuta, a gindin kamshaf take, shi ke juya ta. Ka tura kamshaf gaba da digiri 2, distiributa ta bi shi, wuta ta matsa da digiri 4 na karanshaf. Wutar da ke digiri 16 ta koma 20 ba tare da kowa ya taɓa distiributa da hannu ba. Ƙwaƙwalwar motar, wadda kanikawa ke kira biren bos, ba ta da labari, domin a waɗannan tsofaffin Honda sensocin da ke gaya mata inda fistin yake su ma a cikin distiributar suke. Da yawa daga cikinsu kuma ba su da sensar da ke jin ƙarar fashewar mai ba kan ƙa'ida ba, balle ta ja wutar baya don ta ceci injin.

Na ga wannan da idona a wani gareji a Ƙofar Ruwa, cikin zafin watan Afrilu. Wani saurayi ya shigo da Civic, an cire murfin taimin, fuli shuɗi yana ta ƙyalli.

"Baba, tun da aka sa abin nan motar ta canja hali. Da safe bugu ɗaya take tashi. In ta yi zafi na kashe, sai ki ya riƙa nishi kamar batir ya mutu. Na sayi sabon batir, duk ɗaya."

Maigidan garejin bai ɗago daga kan injin ba. "Wa ya ɗaura maka?"

"Wani abokina ne, shi ma nasa da kansa ya sa."

"Layi nawa ya tura?"

"Huɗu, Baba."

"Ya taɓa distiributa?"

"A'a, cewa ya yi ba ruwanta."

"Ai kuwa ita ce da ruwa har da tsaki, yaro. Kai, miƙo min fitilar nan."

Ya bari injin ya yi zafi har fanka ta tashi, ya sa yaron shago ya haɗa bakin wata ƴar soket mai waya biyu da ke ƙarƙashin dashbod ɓangaren fasinja, wadda ke hana ƙwaƙwalwa wasa da wutar yayin awo. Ya haska fitilar taimin a kan fulin ƙasa. Jan makin da ya kamata ya tsaya daidai da tsinin murfi ya kauce can gefe. Ya sassauta notina 3 na distiributa, ya ɗan murɗa ta kamar mai neman tasha a rediyo, makin ya dawo ya tsaya cak. Silo ya ɗan sauka, saurayin ya ɓata rai yana ganin an rage masa ƙarfi. Amma da aka kashe aka sake bugawa, bugu ɗaya ta tashi. Kuɗin batir dai ya riga ya tafi.

Wannan ɓata ran da ya yi shi ne tarkon saitin kunne. In ka tura wuta gaba, silo yana ɗagawa, injin ya yi sauti mai daɗi a tsaye, shi ya sa mai saiti da kunne kusan kullum yake wuce gona da iri. Sai an ɗauki mutum biyar an hau gada da rana tsaka, a ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan ƙarar mai ne ke fashewa ba bisa tsari ba, yana dukan kan fistin. A gari irin namu da zafi ke haura digiri 40 a bazara, ga fetur iri ɗaya a kusan kowane gidan mai, babu wani mai daraja ta sama da za ka gudu wajensa, ƙarar nan in ta daɗe tana cin ringi da gasket, har ta kai ga huda fistin.

## Sifilin da ke jikin fuli ba shaida ba ne

Mutane da yawa suna cewa, "Ai a sifili na bar shi, amma motar ta rikice." Sifilin fuli yana nufin cibiya da zobe sun daidaita da juna ne kawai. Bai ce kamshaf ya daidaita da karanshaf ba.

Da farko, kafin a ɗaura, a ɗora sabon fulin a kan tsohon, a daidaita ramin makullinsu, a duba ko haƙora sun hau kan haƙora, maki ya hau kan maki. Minti biyu ne, amma ba kowa ke yi ba. Fulin araha yana iya zuwa da sifilinsa a karkace tun daga inda aka ƙera shi. Ko ba jabu ba ma, a dangin injin D na Civic akwai fulin da zai shiga wurin ɗan'uwansa lafiya lau, amma makullinsu ya saɓa da kusan rabin haƙori. Ga shi injinan da ke yawo a Kano da yawa haɗin gambiza ne: bulo, wato gangar jikin injin, na wannan shekara, tof silinda, wato kan injin da bawul ke ciki, na waccan, an tsinto fuli a wani shago a Sabon Gari. Wasu fulayen kuma suna zuwa da maki fiye da ɗaya don su yi wa injina daban-daban, bakanike ya bi wanda ba na motar ba.

Na biyu, makin fulin ƙasa ma yana yin ƙarya. Wasu fulayen suna da roba tsakanin cibiya da zobe, in ta tsufa zoben ya zame da makin gaba ɗaya. Ko makullin karanshaf ya cinye saboda an taɓa barin babban notin a sake. A Honda farin maki guda shi ne ƙololuwa, ukun da ke jere da ja a tsakiya na wuta ne. Akwai wanda ya saita bel a kan jan, ya kwana yana neman laifin fuli.

Sanya dogon sukundireba a ramin filogi don a ga fistin ya hau yana nuna kusa-kusa ne kawai, domin fistin yana ɗan tsayawa a sama alhali karanshaf yana ci gaba da juyawa digiri da dama. Mai son tabbaci sai ya samu tsohon filogi, a fasa farin tangaran ɗin, mai walda ya kafa masa ƙarfe ya leƙo ƙasa kaɗan. A cire kan batir. A zagayen matsi, lokacin da bawul ɗin silinda ta 1 duk suke rufe, a juya injin da hannu a hankali har fistin ya taɓa ƙarfen, a yi alama a fuli. A sake tunkarar ƙarfen ta ɗaya ɓangaren, a yi alama ta biyu. Tsakiyar alamomin nan biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. In ta faɗa kan farin maki, makin mai gaskiya ne.

Na uku shi ne wanda ya fi shafar mu: gogar tof silinda. Wace tsohuwar mota ce a garin nan ba ta taɓa obahitin a cunkoson Ɗan'agundi ko na Kurna ba? In gasket ya ƙone, a kai tof a goge. Littafin Honda na waɗannan injina ya iyakance gogar a milimita 0.2, amma akwai tof ɗin da ya je wajen masu guga sau uku. Duk gugar da aka yi, kamshaf yana matsowa kusa da karanshaf, bel ya samu sarari, tanshina mai miƙar da bel ta janye sararin, kamshaf ya koma baya kaɗan. A lissafi, rabin milimita yana kai wajen digiri 1 na karanshaf a injin mai irin wannan girma. Ba shi da yawa, amma in ya haɗu da gugar bulo da bel da ya miƙe, ana ji a ƙafa. Nan ne fulin mai saiti yake da amfani na gaske: ya maido da kamshaf inda kamfani ya so shi. A irin wannan injin, daidai ɗin ba a kan sifilin fuli yake ba.

## Gaba ko baya, da inda ake rasa ido garin neman gira

Tura kamshaf gaba yana sa bawul ɗin shiga ya rufe da wuri. Mota ta ƙara kuzari a tashi da ƙananan gudu, ta rage numfashi can sama. Jan shi baya akasin haka ne: ta yi nauyi a tashi, ta ɗan saki jiki in allurar gudun injin ta hau sosai. Ƙarfin ba ƙaruwa yake yi ba, wuri yake canjawa, kamar ɗan ƙaramin bargo, ka rufe kai ƙafa ta fito. Mai yawo tsakanin Zoo Road da Kantin Kwari, daga wannan danja zuwa waccan, ban ga abin da ƙarfin can sama zai tsinana masa ba.

Injin mai kamshaf biyu ya fi rikitarwa, domin kowanne da fulinsa. In ka tura na shiga gaba ka ja na fita baya, lokacin da bawul biyun ke buɗe tare yana ƙaruwa, silo ya riƙa rawa, salansa ta riƙa warin ɗanyen mai. A dangin injin B na Honda kamshaf ɗin shiga ne ke juya distiributa, don haka shi ne in an taɓa sai an koma kan fitila.

Abu biyu ke jefa mutane rami a nan. Na farko alkibla. Tsofaffin injinan Honda, dangin D da B da F da H, in ka tsaya ta ɓangaren fuli, hagu suke juyawa, saɓanin hannun agogo, ba kamar yawancin motoci ba. Bakaniken da hannunsa ya saba da Toyota ko Golf zai iya juya abin yana zaton gaba ya yi, ashe baya ya kai. Ƙa'idar ita ce, gaba na nufin cibiya ta riga zobe ta ɓangaren da injin ke juyawa. Na biyu layukan jikin fuli. Wani kamfani layi ɗaya digiri 1 ne na kamshaf, wani kuma da digirin karanshaf yake ƙirga. Saurayin can na Ƙofar Ruwa da aka tura masa layi 4, in na kamshaf ne, digiri 8 na karanshaf ya tafi.

Haɗarin kuma ba na wasa ba ne. Waɗannan injinan Honda irin waɗanda bawul da fistin ke amfani da fili ɗaya ne, lokaci ne kawai ke raba su. Tura gaba yana kusanto da bawul ɗin shiga ga fistin, ja baya yana kusanto da na fita. Tof ɗin da aka goge ya riga ya cinye wani ɓangare na tazarar. In suka gaisa, bawul ya lanƙwashe, sai sauke tof. Akwai injinan da ba haka suke ba, kamar 5S-FE na tsohuwar Camry mai lita 2.2, wanda ko bel ya tsinke bawul ba ya taɓa fistin. Kada mai Honda ya ɗauki labarin mai Camry ya yi aiki da shi.

## Abin da motar ke gaya maka

In ki yana juyawa amma ta ƙi tashi sam, ko tana tari ta baya ta wajen shigar iska, a fara zargin bel ya kauce da haƙori ko fiye, ko an saita a zagayen hayaƙi maimakon na matsi, ko an rikita wayoyin filogi. Jerin wutar yawancin injina masu silinda 4 shi ne 1-3-4-2. In kuma ki yana juyawa da sauri fiye da yadda ya saba, sakayau kamar babu abin da ke tare shi, a daina bugawa. Matsi ne babu, kuma yana iya zama bawul ya riga ya lanƙwashe.

In tana tashi amma ba ta da kuzari, ka taka totur sai ƙugi babu tafiya, bakin salansa kusa da injin yana zafi fiye da kima, allurar zafi tana hawa, to abin ya yi baya, ko wuta ko kamshaf ko duka. In kuwa nishin ki ne da zafi da ƙarar tsakuwa a hawa, wuta ta yi gaba.

Akwai wata alama da ba ta ƙarya. In aka murɗa distiributa har ƙarshen raminta amma jan maki bai iso tsini ba, kada a ɗauko fayil a ƙara tsawon ramin, kamar yadda na ga wasu na yi. Distiributar tana faɗa maka ne cewa kamshaf ba ya wurinsa.

Motar da ta yi lafiya kwana uku sannan ta fara lalacewa a hankali, wannan notinan fuli ne suka saki.

## Ta ina ake farawa

A mayar da fuli sifili tukuna, ko da mai mota zai yi fushi. A cire filogi duka don injin ya yi sauƙin juyawa, a kawo silinda ta 1 ƙololuwar da aka tabbatar, a duba makin sama. In ya kauce da kimanin haƙori, bel za a cire a mayar daidai. Ba a biyan bashin haƙori da ramukan fuli, domin za ka cinye ramin duka kuma ba lallai ka kai ba. A ɗaure tanshina yadda littafin motar ya ce. A Honda ana juya karanshaf ta alkiblarsa har fulin sama ya wuce haƙora 3 don bel ya miƙe ta ɓangaren ja, sannan a ɗaure. Daga nan a zaga injin da hannu sau 2 cikakku. In an ji ya toge, kada a danna, a koma baya a duba. In ya zaga lafiya, maki ya dawo inda yake, sai a auna matsin kowace silinda da geji. Silinda ɗaya da ta faɗi ƙasa sosai ta bar ƴan'uwanta ta isa a tsaya a bincika. Sai bayan duk wannan a tayar, a bari ta yi zafi, a saita wuta da fitila.

In ta dawo lafiya a sifili, mai son gwaji ya matsa digiri 1 na kamshaf, ya sake saita wuta, ya hau hanya ɗaya da ya sani, da kaya iri ɗaya, ya rubuta abin da ya ji. Masu yin abin da gaske suna amfani da faifan digiri da agogon awo a kan bawul, su gwada a kan injin awon ƙarfi. Wanda ba shi da waɗannan, ya tsaya kusa da sifili.

## Noti, bel da ƙurar Kano

Notinan fulin ƙanana ne, kuma sau da yawa cikin alminiyon suke shiga. A ɗaure da sauƙi su saki, a ɗaure da ƙarfin tuwo zaren ya cinye. Sifana mai awon ƙarfi ake so, da ɗigon gam ɗin noti, a bi su a gicciye. Bayan an gama, a ja layi da fenti ko jan farce ya ratsa cibiya da zobe. Duk ranar da ka buɗe bonet ka ga layin ya rabu biyu, ka san labari. Haƙoran ma a duba su: akwai bel mai zagayayyen haƙori, akwai mai kusurwa, in ba su dace da fuli ba bel zai riƙa kuka yana cinyewa. Alminiyon mai taushi kuma haƙoransa na yin kaifi da tafiya, su yanka bel.

Sai maganar murfi, wadda ita ce ta fi ba ni haushi. Ana cire murfin taimin don a ga fuli mai launi. A garin da hunturu ke zuba ƙura wata uku, damina ta cika tituna da ruwa da yashi, wannan ganganci ne. Tsakuwa ɗaya ta shiga tsakanin bel da haƙori ta isa ta tsallakar da shi. In fulin ya hana murfi zama, a yanka murfin daidai wurin, kada a jefar da shi. In kuma sil ɗin kamshaf yana tsatsar baƙin mai, a canja shi tun fuli yana cire, domin mai yana ruɓar da bel.

## Sababbin motoci fa?

Accord daga 2003, wadda ake kira EOD, mai silinda 4, da Corolla mai VVT-i, sarƙa suke amfani da ita, kuma ƙwaƙwalwar motar ce ke matsar da kamshaf da kanta ta hanyar matsin baƙin mai, gwargwadon gudu da nauyi. Abin da mai fuli ke nema da sifana, su suna yi sau da yawa a tafiya guda. A irinsu in taimin ya rikice, a fara da duba mai: ko ya yi datti, ko ya yi ƙasa, ko an zuba mai kaurin da bai dace ba.

A tsakiya akwai motoci masu bel amma babu distiributa, sensar karanshaf ce ke ba da lokacin wuta. A nan juya kamshaf ba ya jan wuta, amma ƙwaƙwalwa tana kwatanta sensar sama da ta ƙasa, in saɓanin ya yi yawa ta kunna wutar cek. Kwamfuta za ta iya nuna P0016, wato na sama da na ƙasa ba su jitu ba, ko P0341 na sensar kamshaf. Wasu injinan ma a bayan fulin asali haƙoran da sensa ke karantawa suke. Ka sa fulin da ba shi da su, motar ba za ta tashi ba ko za ka kwana kana bugawa, kuma sabuwar sensa ba za ta yi magani ba.

## A sa ko a bari?

Masu goyon baya suna da hujja idan an canja kamshaf zuwa wanda ba na kamfani ba, ko an haɗa tof da bulo na injina daban, ko guga ta yi yawa. A nan fulin kayan gyara ne, kuma babu abin da zai maye gurbinsa cikin sauƙi. Tsofaffin kanikawa da ke cewa a bar kaza cikin gashinta su ma suna da tasu: injin da ba a taɓa ba, kamfani ya riga ya zaɓa masa matsakaicin wuri, abin da za a samu kaɗan ne, abin da za a iya rasawa tof guda ne. Ni ina tare da su a kan motar da ake kai yara makaranta da ita ko ake haya.

Maganar rage shan mai kuwa, wadda ta fi jan hankalin mutane tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, tana buƙatar a tace ta. In kamshaf ya riga ya koma baya saboda guga, maido da shi daidai zai iya rage sha, domin ka gyara ɓaraka ne. In lafiyarsa ƙalau, ka kautar da shi ka bar wuta a karkace, kai za ka riƙa ƙara taka totur don ka samu tafiyar da ka saba, mai gidan mai ne zai ci ribar fulin.

Mai sayen tsohuwar mota a hannu shi ma abin ya shafe shi. In ka buɗe bonet ka ga fuli mai launi, ka tambayi dalilin sa shi, ka duba layi nawa ya kauce daga sifili, ka sa a auna matsin silinda 4 ɗin kafin a yi maganar kuɗi. Ka kuma tambaya ko fulin asali yana nan. In yana but, a haɗa maka da shi.